Fom Mai Huji Uku

Ran Alhamis, bayan jarrabawar ƙarshe ta ƙaramar sakandare, aka raba wa ɗalibai fom ɗai-ɗai, aka ce duk wanda ya ɓatar da nasa ya kuka da kansa. Fom ɗin ne zai nuna ajin da mutum zai shiga a babbar sakandare, kuma inda ya faɗa nan zai shekara uku. Akwati huɗu ne a jere: Kimiyya, Kasuwanci, Adabi, Fasaha. A sa alama da fensir a guda ɗaya, uba ko uwa su sa hannu a ƙasa, a dawo da shi ran Litinin.

Auta ta san akwatin da take so tun bara, ran da aka kai ajinsu zagaya ɓangaren manya na makarantar. Sauran yara suna can suna kallon ƙwarangwal a ɗakin kimiyya, ita kuwa ta maƙale a tagar ɗakin fasaha, tana kallon wani allo mai wayoyi ja da baƙi da ƙwan lantarki shida. Da ma a ƙarƙashin gadonta akwai tsohon gwangwanin biskit cike da sukundireba, filaya da guntayen waya.

Matsalar ita ce bakin Auta. Tunda ta fara magana kalma ɗaya ta riƙe da kyau: "To." A aike ta, to. A yi mata faɗa kan laifin wani, to. Yayarta, wadda ke karatun lauya a jami'a, Gimbiyar To take ce mata.

Baba ne ya fara karɓar fom ɗin. Shekara ashirin yana aiki a kantin magani, mutanen layi suna ce masa Likita, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Ya zauna a kujerarsa ta falo, ya zaro biro ya sa hannu a ƙasa tukuna, sannan ya ɗauki fensir ya danna alama a Kimiyya har sai da bakin fensirin ya karye.

"Shi ke nan," ya ce. "Gidan nan zai sami likita na biyu."

"Na farko dai," in ji Mama daga kicin.

Baba ya yi kamar bai ji ba. Ya cire tabarau zai goge, hannun tabaraun ɗaya ya faɗo masa a cinya, kamar yadda ya saba yi duk mako. Ya miƙa wa Auta ba tare da ya dube ta ba.

"Ungo, ɗaure min. Kin ji dai, Kimiyya."

"To, Baba."

Ta ɗaure 'yar ƙusar, ta mayar masa. Aka ɗora fom ɗin a kan firji, aka danne shi da kofi.

Washegari da safe, ƙarar babur ɗin Baba ba ta gama fita daga layin ba Mama ta miƙa hannu kan firji. Mama shagon yadi gare ta, kuma a ganinta duk karatun da bai koya wa mutum tsayawa da ƙafarsa ba ɓata takalmi ne.

"Likita!" ta ce, tana dirza magogin fensir a kan akwatin Baba. "Yarinyar da ta ga jini a yatsan Kaka sai da aka yi mata fifita? Marar lafiya ne zai dinga kama ki kada ki faɗi?"

Ta hura ɓurɓushin, ta sa alama a Kasuwanci. Sannan ta nuna dutsen guga da baki.

"Duba min wancan, jiya ya ja ni. Kuma kada ki gaya wa babanki."

"To, Mama."

Ba sai an gaya wa Baba ba. Mutumin da ke karanta rubutun likitoci kullum ba ya rasa gane inda aka taɓa takarda. Da yamma ya goge Kasuwanci, ya mayar da Kimiyya, ya jefa magogin a aljihun rigarsa. Ya ci abinci, har ya yaba.

Ran Asabar Yaya ta dawo hutun mako, da jaka cike da wanki da baki cike da shari'a. Ta karanta fom ɗin a tsaye, hannu ɗaya a baya.

"An tauye miki haƙƙi," ta ce da Auta. "Ba wanda ya isa ya zaɓa miki. Adabi za ki yi, ki zama lauya."

Ta nemi magogi ba ta gani ba, sai ta yi dabarar 'yan firamare: ta cire silifas ɗinta, ta lasa yatsa ta ɗan jiƙa akwatin Kimiyya, ta murza da gefen robar. Alamar ta tafi, ta bar wani baƙin tabo kamar an taka ƙwaro.

"Cajata tana wasa, sai na murɗa wayar take kawowa. Gyara min kafin gobe."

"To, Yaya."

Daga nan abin ya zama yaƙin sari-ka-noƙe. Ba wanda ya yi wa wani magana a kai. Ana gaisawa lafiya lau, ana miƙa wa juna gishiri, amma duk wanda ya wuce ta gaban firji sai ya ɗan tsaya shan ruwa. Mama ta ga Adabi, ta ɗauko reza ta kankare. Baba ya sha ruwa sau huɗu ran Lahadi, mutumin da sai an yi masa tuni. Yaya ta yini da silifas ƙafa ɗaya.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune a baranda da rediyonta, daga inda take kuwa ana hango firjin sarai. Da la'asar ta kira Auta.

"Ƙawata, zo ki ji. Abin nan ya koma shiii kamar ana suya."

Auta ta durƙusa, ta buɗe bayan rediyon, ta kankare tsatsar da ke wurin batir. Kaka tana kallon yatsunta.

"Ke wanne kike so a cikin akwatunan nasu?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Na ƙarshen."

"Kin gaya musu?"

"A'a."

"To ajiyar me kike yi da bakin? Gado za ki bar wa jikoki?"

Auta ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta rufe rediyon. Muryar mai labarai ta fito tas.

Ran Litinin da safe ta ɗaga kofin, ta duba fom ɗin. Akwatin Kimiyya ya huje. Na Kasuwanci ya huje. Na Adabi kuwa har ɗan yatsa yana shiga. Sa hannun Baba kaɗai ke ƙasa daram, sai akwati na huɗu fari fes, don ba wanda ya taɓa ko kallonsa.

A ƙarƙashin matakalar benen makaranta ta tsaya, ta dafa fom ɗin a bango. Ta duba hagu, ta duba dama, ta sa alama a Fasaha. Alamar ta fito siririya kamar sawun tururuwa.

Mataimakiyar shugaban makaranta ce ke karɓar fom, wata doguwar mace da ɗalibai ke jin takunta tun daga ƙasan bene. Ta ɗaga na Auta sama, hasken taga ya ratso ta wuri uku ya sauka a kan teburinta.

"Ɓera gare ku a gida?"

"A'a, Malama."

"To mene ne wannan?"

"Baba ne. Da Mama. Da Yaya."

Malama ta ajiye fom ɗin. "Gobe ƙarfe tara ki zo min da su. Duk ɓerayen."

Auta ta isar da saƙon, ban da kalmar ƙarshe. Washegari Baba ya sa rigarsa ta zuwa taro, Mama ta bar shago a rufe, Yaya ta fasa komawa jami'a ta ɗauko wani ƙaton littafi ta rungume. Kaka ma ta yafa mayafi, ta ce ita ba ta taɓa ganin kotu ba, ba za a yi babu ita ba.

Ofishin ƙarami ne, kujerun baƙi biyu kacal. Kaka ta zauna a ɗaya, Baba a ɗaya. A saman kabad ɗin fayiloli akwai wata fanka da ke juya kai rabi, ta yi ƙas-ƙas-ƙas, ta dawo. Auta ta raɓe a bayan ƙofa, kunnenta na kan fankar. Ta san abin da ke damunta.

"Malama," Baba ya fara, "ni ne uban yarinya, kuma a matsayina na wanda ke harkar lafiya..."

"Harkar sayar da maganin tari," in ji Mama.

"Maman yara, a gaban mutane muke."

"Malama, yarinyar nan kaza aka yanka a gabanta ta kwana biyu ba ta ci nama ba."

"Shi ya sa na ce Adabi," Yaya ta shiga, tana buga littafinta. "Doka ta ba wa yaro..."

"Lauya?" Mama ta juyo. "Wadda in an taka ta ita ke ba da haƙuri? Alƙali na yin tari za ta ce ta amsa laifin."

Malama ta bar su suka yi mai isarsu. Sannan ta ɗaga fom ɗin daidai fuskarta, ta kanne ido ɗaya, ta leƙo Auta ta hujin tsakiya.

"Ke, mai fom. Wanne kike so?"

"Ai na tambaye ta," in ji Baba. "Ta ce to."

"Ni ma to ta ce min."

"Ni ma," in ji Yaya, muryarta ta ɗan sauka.

"Madalla. Kowa ya sami to ɗinsa." Malama ta shimfiɗa takardar a tebur, ta ɗora yatsa. "Amma akwai alama a akwati na huɗu. Wa ya sa ta?"

Kawuna uku suka sunkuya a kan tebur. Baba ya gyara tabarau. Suka dubi juna, sannan gaba ɗaya suka juya wajen Kaka.

"Kada ku kalle ni," in ji Kaka. "Ni da ban san kan fensir da gindinsa ba."

Fanka na ta ƙas-ƙas ɗinta. Auta ta san in ta yi shiru za a ɗauka kuskure ne, a kawo sabon fom, a koma kan firji, kuma wanda ya fi shan ruwa shi zai ci. Shekara uku. Ta tuna allon nan mai ƙwai shida. Ta fito daga bayan ƙofa.

"Ni ce."

"Me kika ce?" in ji Malama. "Fankar nan ta fi ki murya."

"Ni na sa, Malama. Fasaha nake so."

Ita kanta sai da ta tsorata da ƙarfin muryar. Mama ta dafe ƙirji. Littafin Yaya ya kusa suɓucewa.

"Fasaha?" Baba ya fizge tabaraunsa. "Waya da guduma? Ke me kika sani game da..."

Hannun tabaraun ya faɗo a cinyarsa. Ya ɗauka, ya miƙa baya ba tare da ya duba ba.

"Ungo, ɗaure min. Ina cewa, Malama, yarinyar da ba ta taɓa..."

Sai ya katse maganar. Ya juya a hankali. Auta ta riga ta zaro ɗan sukundireba daga aljihun siket, ta murɗa sau uku, ta hura gilashin, ta goge da gefen riga, ta miƙo masa da hannu biyu.

"Kullum da wannan kike yawo?"

"E, Baba."

"Dutsen gugana," Mama ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta.

"Da rediyona," in ji Kaka. "Da cajar lauya. Da fitilar babur ɗinka da kake ta yabon bakanike a kai. Ku uku kuna da ido shida, ɗaya har da gilashi."

Baba ya sa tabaraun, ya cire, ya juya shi, ya sake sawa. Ya yi gyaran murya.

"To ai... injiniya ma likita ne. Na inji. A jinina ta ɗauko."

"In ta ƙware shago za ta buɗe," in ji Mama. "Kasuwancin dai ke nan."

"Ni da ma abin da na ce ke nan tun farko," in ji Yaya. "A bar ta ta zaɓa."

Malama ta jawo aljihun tebur ta fito da sabon fom. Baba ya miƙo hannu, ta tsallake shi ta ba Auta, ta haɗa mata da biro.

"An ce a sa alama da fensir, Malama," in ji Yaya.

"Na san gidan da kuka fito."

Auta ta sa alamar, babba, har ta ɗan fita daga akwatin. Baba ya sa hannu a ƙasa. Malama ta jefa fom ɗin a kabad ta murɗa makulli, sannan ta dubi fankar, ta dubi Auta.

"Ran da aka dawo hutu ki fara biyowa ta nan."

A hanyar fita, wajen ƙofar makaranta, Baba ya rage tafiya har Auta ta iso shi. Ya sassauta murya yadda Mama ba za ta ji ba.

"Ki gwada zango ɗaya. In bai yi miki ba, zan zo in ga Malamar nan, a mayar da ke Kimiyya a hankali. Kin ji?"

Kalmar da ta saba ta taho har bakin leɓenta. Auta ta haɗiye ta.

"A'a, Baba."

Kaka, da ke biye da su tana dogara sanda, ta tuntsire da dariya har sai da ta kama ƙarfen ƙofa. Baba ya tsaya yana kallon 'yarsa ta cikin tabaraun da ta ɗaure masa.

"To," ya ce.