Hoton Bayana

Tun Auta tana goye ban taɓa hana ta abin da ta nema ba. Yayyenta na nan da ransu, a tambaye su, har yau suna yi min gori a kai. To ranar da ta zo neman hoton bayana, ko bari ta ƙarasa magana ban yi ba.

Wata cuta ce ta fito min a baya, jajayen zobba kamar an yi ta ɗora min gindin kofi mai zafi. Na sha yawon asibiti har na gaji. Auta, da yake likita ce sabuwar fitowa, ita ta fara zargin abin, ta kai ni wurin shugabarta, wata doguwar likita mai gilashi. Suka ɗauki hoto, suka yi gwaji, suka ba ni magani, na warke sarai. Ashe ba kasafai ake ganin cutar ba, sai suka ce za su rubuta labarinta a mujallar likitoci don wasu su riƙa gane ta da wuri. Sunan Auta ne zai zo a gaba, kuma shi ne rubutunta na fari. Yarinyar nan har ramewa ta yi a kansa. Amma masu mujallar sun ce sai da hoto, hoto kuma sai da yardar mai jiki.

"Na yarda," na ce. "Kawo in sa hannu, wanki na jira na."

"Ba ni zan karɓa ba, Mama. Gobe ki je wurin shugabata, ku yi magana ku biyu."

Kai, raina ya ɓaci! "Bayan nan shi ya goya ki, ja'ira. Yau kuma sai an sa mana wata a tsakani?"

"Ai shi ya sa," in ji ta tana dariya. "Ke ko kanki na ce ki ba ni, wuƙa za ki tashi nema."

Washegari na tafi ina mita. Ofishin ɗan ƙarami ne, fanka na ta kuka, sai da likitar ta kwashe tulin mujallu daga kujera kafin na sami wurin zama. Ta rufe ƙofa, ta juyo min da allon kwamfuta, ga hoton bayana a kai.

Wa ya taɓa ganin bayansa? Ga zobban nan jajir, ga kuma tawadar Allah ƙarƙashin kafaɗata ta hagu, daidai tsakiyar babban zoben. Na san tana nan, amma a bakin mutum ɗaya na san ta. Marigayi baban su Auta yakan danna ta da yatsa ya ce, "Ko cikin mata dubu aka ɓoye ki, da wannan zan gano kayata." Tun da ya rasu ba wanda ya sake ambatonta. Nan take kewarsa ta kama ni.

"Babu fuska, babu suna," in ji likitar. "Amma in ya fita, Mama, kowa a duniya na iya gani, kuma ba ya dawowa. Ko kin yarda ko kin ƙi, kulawar da muke miki ba za ta canza ba."

"To a goge ɗigon mana. Ku da kuke da na'ura."

"In muka taɓa hoton ya zama ƙarya. Yankewa kuma ba za ta yiwu ba, yana tsakiyar abin da ake son gani."

"In na ƙi fa?"

"Ba za su buga ba. Sai Auta ta jira wani aikin."

Ta miƙo min takardar sa hannu da biro, na riƙe biron ina jujjuya shi. Ni da ke cika unguwa da murya, ranar da ƙyar ta fito. "Ban yarda ba," na ce. Likitar ba ta ko ɓata fuska ba, ta yi min godiya, ta rako ni ƙofa.

Auta na zaune a bencin baranda, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Wallahi kunya ta hana ni kallon ta. Na tsaya ina gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"Kin ƙi, ko?"

"Na ɓata miki wahalarki, 'yar nan."

Idanunta sun ciko, ba zan ɓoye ba, abin ya yi mata ciwo. Amma ta tashi da takalmi ɗaya ta rungume ni a gaban mutane, tafin hannunta daidai ƙarƙashin kafaɗata ta hagu.

"Ranar da aka ɗauki hoton na ga yadda kika yi ta jan riga kina rufe wurin," in ji ta a kunnena. "Da ni na tambaye ki, da kin ba ni, ni kuma da na karɓa."

Na ce ta sa takalminta, likita guda tana tsaye kamar 'yar talla. Ta sa, ta karɓi jakata, muka nufi gida, wankin nan yana nan yana jira na.