Firizar Baba Mai Agogo

"Anti, zo ki gani," in ji 'yar marigayin, tana riƙe da murfin firiza.

Mai Ɗinki ta jingine tsintsiya ta ƙaraso. Kwana huɗu ke nan da rasuwar maƙwabcinta, Baba Mai Agogo, su biyu suna kwashe kayan ɗakinsa. Firizar ta matarsa ce da ta rasu tuntuni, tana lungun baranda a rufe da tsohon bargo, kowa ya ɗauka babu komai a cikinta. Ashe cike take maƙil da ledoji, an jera su sahu-sahu. Kowace an ɗaure bakinta da zare an rataya mata 'yar takarda, irin wadda yake ɗaura wa agogon mutane idan sun kawo gyara. Kwanan wata ne a jiki, da ƙaramin rubutun nan nasa mai kyau.

Mai Ɗinki ta ɗaga guda. Ko a mafarki ta san girkinta. Kifi ne da alayyafo, kifin da ta zauna ta cire wa ƙaya ɗaya bayan ɗaya, alhali ɗinkin mutane na jiranta a kan keke.

Wata biyu da suka wuce likita ya ce jinin tsohon ya yi ƙasa sosai, jikinsa na bukatar sinadarin ƙarfe da wasu bitamin. 'Yar ta taso daga garin da take aure ta ce ya haɗa kayansa, tafiya za ta yi da shi. Shi kuwa ya kafe.

"Shekara arba'in ina cikin ɗakin nan. Sai dai a fitar da ni a kwance."

Mai Ɗinki ce ta shiga tsakani, ita da shegen son gyara abin da ba a sa ta ba. Ta ce za ta riƙa yi masa girki. 'Yar ta amince, amma da sharaɗi: a sa masa manhajar lissafin abinci a waya, wadda za ta riƙa nuna musu su biyun abin da ya ci da sinadaran da ya samu. Muddin allo na nuna kore, ya zauna a ɗakinsa. Ranar da ya koma ja, babu sauran gardama.

Manhaja biyu suka tsaya a kai. Ɗaya tana neman hoto biyu, kafin a ci da bayan an ci, don ta auna abin da aka rage. Ɗayar hoto guda kafin a ci ya wadatar da ita. 'Yar ta fi son ta farkon. Tsohon ya ɗage gilashinsa ya dubi Mai Ɗinki.

"'Yata, ke ma kya yarda? Da furfurata in riƙa ɗaukar hoton kwanon da na suɗe ina aika wa 'ya'yan cikina? Ku rufa min asiri mana."

Dariya Mai Ɗinki ta yi har da riƙe ciki. Ita ce da bakinta ta ce, "Haba, a bar masa mai sauƙin. Ai ina nan, idona na kansa."

To, ga idon nata. Kullum hoto na shigowa a kan lokaci, mutumin agogo ne, ba ya latti. Kullum allo kore shar, ƙarfe ya cika, bitamin sun cika. Kullum kwanonta na dawowa a wanke tas, har tana yi masa faɗa wai ya daina wahalar da kansa. Duk Lahadi 'yar ta kira, ita kuma ta ce, "Kwantar da hankalinki, yana ci kamar sabon ango." Ranar da ta ga ya huda sabon rami a maɗaurin agogon hannunsa saboda ya yi masa yawa ta yi magana, sai ya miƙo mata wayar, allo kore, yana murmushi. "Ni za ki yarda da ni, ko idonki?" Ta yarda da shi. Da safiyar Alhamis ta kai masa shayi ta same shi a kujerar aikinsa, kansa a kan tebur, jikinsa ya yi sanyi.

Ta yi kuka a ranar kamar ubanta ne ya mutu. Yau kuwa ba kuka take ji ba, baƙin ciki ne ya tokare mata ƙirji. Wallahi tsohon nan ya ci amanarta. Ya dube ta ido cikin ido wata biyu cur yana raina mata hankali, ya mai da ita shaidar zur a gaban 'yarsa.

"Anti," in ji 'yar, "ke kika ce min yana ci."

"Na faɗa."

"Da na sani da na tafi da shi. Ko yana kuka da na tafi da shi."

"Shi ma ya san haka," in ji Mai Ɗinki. Sai a lokacin ta tuna, a makon farko ya taɓa dafa ƙirji ya ce abinci na tsaya masa a nan. Da ta ce bari ta kira 'yarsa, ya ce wasa yake yi. Bai sake ambata ba.

'Yar ta saki murfin ta shige ɗaki. Mai Ɗinki ta tsaya da ledar a hannu har sanyinta ya fara cizon yatsunta. Ta so ta zage shi, bakinta ya ƙi. Mutum ne da ko ƙwayar shinkafa ba ya iya zubarwa, shi ya sa ya adana mata ƙaryar tasa tsaf, da kwanan wata.

A kan tebur, tsakanin ƙananan sukurori, wayarsa ta yi 'yar ƙara: lokacin abincin rana ya yi. A gefenta ga kwanon Mai Ɗinki na ranar Laraba, a wanke, a kife kan tsumma mai tsabta, da cokalinta a kai.