Fenti a Kan Datti

Tsohon asibitin haihuwa na unguwar ya daɗe a rufe. Gini ne mai kauri, da dogayen tagogi da baranda, kuma kusan duk wanda ya manyanta a layukan da ke kewaye da shi a cikinsa ya yi kukan farko. Da aka gina babban asibiti a wancan gefen gari sai aka kwashe gadaje da ma'aikata, aka bar wa tantabaru wurin. Babu wanda ya sake tuna shi sai ranar da wani kamfani ya kafa allo a ƙofarsa, cewa za a rushe shi a gina gidajen haya. Ran nan kowa ya zama mai kishin tarihi, har da waɗanda suka yi shekaru suna zuba shara a gindin katangarsa.

Aka kafa kwamiti, aka naɗa Tela ciyaman. Shi kam kishinsa na gaske ne. Mahaifiyarsa ungozoma ce a asibitin har ta tsufa, a barandar nan ya koyi tafiya. Mai Fenti, abokinsa tun suna yara, shi ma aka saka shi ciki, ba don ya iya magana a taro ba, sai don shi ke da dogon tsani.

Da kamfanin ya ga jama'a sun taso, sai ya ƙara allo na biyu da jan rubutu: silin ginin na allon asbesto ne, ƙurarsa tana lalata huhu, kada kowa ya shiga. Mutane suka yi dariya, kuma suna da dalili. Kamfanin nan ne ya rushe tsohon sito a unguwar da ke maƙwabtaka da su, ƙura ta yi kwanaki tana sauka a kan shanya da tukwane, bai yayyafa ko kofin ruwa ba, bai kafa wa kowa allo ba. Yau da yake son fili, shi ne ya tuna da huhun talaka. Daga nan duk wanda ya ambaci asbesto a unguwar, sunansa ɗan kamfani. Abin da ba su tsaya sun duba ba shi ne, maƙaryaci ma yakan faɗi gaskiya idan ita ce za ta biya masa bukata.

Hukuma ta ce za ta turo injiniya ranar Litinin ya duba ginin. Idan yana da sauran ƙarfi, ana iya barinsa ya zama zauren taro. Sai kwamiti ya zauna a shagon Tela, tsakanin keken ɗinki da tarin ƙyallaye, aka yanke shawara: ranar Asabar kowa ya fito, maza su kankare silin da bango, mata su share, Lahadi Mai Fenti ya shafa fari. An riga an sayi fentin, an kai gidansa, an ba shi makullin ginin don ya auna wurin.

Mai Fenti ya yi gyaran murya. "Bango dai a kankare. Silin a bar shi."

Tela ya ɗago kai, tabarau a kan hanci. "Kai ne kuwa? Kai da ka kori yaronka saboda ya shafa fenti a kan ƙofa bai kankare ba?"

"Wannan silin ba ƙofa ba ne. Na shiga na gani. Irin allon nan ne."

"Wane allo?"

Mai Fenti ya san sunan da zai biyo baya. "Na asbesto, wanda suka rubuta."

Wani mai gyaran babur da ke zaune a bakin ƙofa ya ce, "To, ga shi nan. A wane hawa suka ce za su ba ka ɗaki, Baba? Ka roƙa mana na ƙasa, gwiwarka ba ta son bene."

Aka yi dariya. Tela bai yi ba. Ya cire tabarau ya ce, "Mutumina, uwata ta ƙare rayuwarta a ƙarƙashin silin nan, ta rasu da haƙoranta cif, tana yi wa jikoki faɗa. Ni da kai a ƙarƙashinsa aka yanke mana cibi. Ga mu nan."

"Yana zaune lafiya ba ya taɓa kowa. Kankarewar ce matsala."

"Idan injiniya ya ɗaga kai ya ga fenti yana zuba kamar fatar maciji, mun gama. Idan kuma ya ji daga bakin ɗan kwamiti cewa allon kamfani gaskiya ne, mun gama tun kafin ya shigo. Ka riƙe bakinka zuwa Talata. Bayan nan ka faɗi abin da ka ga dama."

Mai Fenti ya koma gida a gajiye. Ya san abin da ya sani ne ba daga takarda ba. Maigidansa, wanda ya koya masa sana'a, irin allunan nan ya yi ta yankawa da zarto yana gogewa da samfefa a ƙuruciyarsa, yana fitowa fari fat ana yi masa tsiya. Ƙurar ba ta yi masa komai ba a lokacin. Sai da ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya, sannan numfashi ya fara gagararsa. Mai Fenti ne ya riƙa kai shi asibiti, kuma yana tsaye likita ya kalli hoton ƙirjin ya tambaya, wane aiki wannan bawan Allah ya yi? Mutumin da ke hawa tsani da bokiti biyu ya koma ba ya iya kai lomar abinci baki sai ya huta. Wannan ciwo ba ya gaggawa, shi ya sa mutane ke raina shi. Shi kansa Mai Fenti yanzu in ya hau tsani yakan tsaya a tsakiya, kamar mai duba wani abu a bango. Bai gaya wa kowa ba.

A tsakar gida ya tarar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aure a layin baya. Tun rasuwar uwarta ita ke leƙo shi kullum. Tana zaune tana ɗaure sababbin tsintsiyoyi, jaririyarta na barci a bayanta.

"Sannu da zuwa, Baba. Ga amaryarka ta gaji da jiranka ta yi barci."

"Amaryar da ba ta ko tashi ta karɓi jakata." Ya zauna a kan bokitin fenti. "Waɗannan fa?"

"Na Asabar ne. Ni aka ba shugabancin masu shara."

"Ba za ki je ba."

Ta ɗago ido. "Saboda me?"

Ya yi mata bayani, a hankali, yadda bai iya yi a shago ba. Ta saurara har ƙarshe, don tana da ladabi. Sannan ta ce, "Baba, kai ka ce mana in maƙwabta suna aiki ba a ɓuya a ɗaki. Ni na bi gida gida na tara matan nan. In ban je ba, da wane ido zan kalle su a bakin famfo? Su su shaƙa, ni in zauna?"

"To ki bar yarinyar a gida."

"Wa zai ba ta nono, kai?" Ta yi murmushi don ta sassauta maganar. "Yini ɗaya ne. Zan ɗaura ɗankwali a hanci."

Ya kalli kan jaririyar, ɗan laushin tsakiyarsa yana motsi. In uwa ta duƙa shara, fuskar goyo daidai inda ƙura ke tashi take. Zai iya zuwa wurin mijin Auta, amma mijin ne ya ɗauki nauyin kawo ƙarafan kankarewa. Zai iya hana tsaninsa, amma za a ɗaure gora da wuƙa a yi daga ƙasa, abin ya fi muni. Zai iya zuwa hukuma, a rufe ginin, ya zama mutumin da ya sayar da unguwa, kuma Auta ce za ta zauna da wannan suna bayan ransa. Ya juya abin ta kowane gefe. Hanya ɗaya ta rage, kuma ita ce wadda ya fi ƙi.

Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da maza suka tafi nema mata suna cikin gida, ya ɗora tsani da bokitan fenti a amalanke ya tura zuwa ƙofar bayan asibitin. Ya shiga ya kulle. Ya jiƙa tsumma ya ɗaure hanci da baki, duk da ya san kariyar tsumma kaɗan ce. Ya fara yayyafa ruwa a ƙasa, ya kwashe ɓaraguzan da suka faɗo da jiƙaƙƙen buhu, ya ƙulle su a leda. Sannan ya buɗe fenti, bai sirka shi ba, ya hau.

Tun yana yaro bai taɓa ɗora burushi a kan datti ba. Ran nan ya ɗora. Ya bi kan tsohon fentin da ya ɗaɗɗago, kan yanar gizo, kan tabon yoyo, yana dannawa a hankali don kada wani abu ya ɓalle, yana malala shi da kauri har ya toshe kowace tsaga. Fentin yana gangarowa ta hannunsa zuwa hammata. Wuyansa ya ƙage. Ya gama ɗakin haihuwa, ya zauna a ƙasa ya jira numfashinsa ya dawo, ya shiga ɗakin jira. Da ya waiwaya ya ga aikin, sai ya kawar da kai. Duk gurbi da ƙuraje ne, kamar bayan kwaɗo. Da yaronsa ne ya yi wannan, da ya karɓe burushin ya sallame shi.

Fentin da aka saya don gini duka, a silin kaɗai ya ƙare.

Asabar da safe jama'a suka taru da tsintsiya da ƙarafa. Tela ya karɓi makulli ya buɗe, warin fenti ya tare su. Kowa ya ɗaga kai. Silin yana sheƙi, ɗanye, ko yatsa ba ya karɓa balle ƙarfe.

Mai gyaran babur ya ce, "Wannan da hannu aka yi ko da tsintsiya?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ashe Mai Fenti ya tsufa haka? Ni da nake shirin ba shi ɗakin ɗana."

Tela ya tako inda Mai Fenti yake tsaye a jikin ƙofa. Bai ɗaga murya ba. "Fentin jama'a ne."

"Na sani. Zan biya."

"Ba biya nake magana ba. Ka dubi abin da injiniya zai gani."

"Zai ga mummunan aiki. Ka ce masa ni na yi."

"Ka mayar da mu yara, ka yanke mana hukunci kai kaɗai."

"Haka ne," in ji Mai Fenti. Bai da ƙarfin musu, kuma maganar Tela ba ƙarya ba ce.

Aka yi cirko-cirko. Tun da babu abin kankarewa a sama, fentin bango ya ƙare, ƙasa kuma a goge take, sai aka watsu waje. Maza suka nome ciyawar harabar, mata suka wanke tagogi da baranda. Auta ta wuce ta gabansa da bokitin ruwa ba ta kalle shi ba.

Injiniya ya zo Litinin, ya zaga, ya ɗaga kai, ya tambayi wanda ya yi fentin, ya wuce gaba. Abin da ya rubuta shi ne katakon rufin ya ruɓe, gyaransa ya fi ƙarfin unguwa. Hukuncin bai rataya a kan silin ba ko kaɗan, amma mutane sun fi son laifi mai fuska, wanda za su iya gani a hanya su ƙi gaisarwa. Tela ya daina aiko wa Mai Fenti da shayi. Tsohuwar nan ta ba wani mai fentin aikin ɗakin ɗanta. Aiki ya yi ƙasa, don labarin silin ya riga shi zuwa ko'ina.

Bayan mako guda Auta ta shigo da yamma. Ta same shi a bakin rariya yana wanke burushin da ba su da datti. Ta kwance goyo ta miƙa masa.

"Riƙe amaryarka, in ɗora maka ruwa. An ce wata mai zuwa za a kawo motar rusau."

"Da tankin ruwa ko babu?"

"Wa ya sani, Baba."

Ya goge hannu a riga ya karɓi yarinyar. "Ki gaya wa Tela kwamiti bai gama aiki ba. A je a tsaya a kan sai an sauke silin nan a jiƙe kafin a taɓa bango. Daga bakinki zai fi ji."

"In ya ƙi fa?"

"Ranar ki kwashe ta ku tafi gidan yayarki. Wannan ba shawara ba ce."

Ba ta yi musu ba. Ta shiga kicin. Ya kwantar da jaririyar a ƙirjinsa, yana jin numfashinta ƙanana a wuyansa, masu sauri, marasa wahala. Nasa ya fi nata ƙara. Ya gyara zama ya jingina da bango.