Faifan da Roscoe Ya Jiƙa a Bahon Wanka

Duk wanda ya ce muku a situdiyo aka haifi kiɗan waƙar nan, ku ce masa Vernice Gadsden ta ce ƙarya yake yi. A hannun ubana aka haife shi, a wata 'yar cocin katako can Carolina ta Kudu, tun kafin mu hawo New York mu sauke kaya a Bronx.

Baba shi ke kaɗa ganga a cocin. Wata shekara fastonsu ya sa aka buga musu faifai, 'yan ƙalilan, aka raba wa jama'a. Namu ɗaya ne tak. A 'yar takardar da ke manne a tsakiyarsa an jera sunayen mawaƙa, can ƙasa kuma aka rubuta Elbert Gadsden, mai ganga. Duk faɗin duniya nan kaɗai aka taɓa buga sunan Baba. Ran Lahadi yakan ɗauko faifan ya goge da gefen riga, ya daɗe yana kallo ko da bai kunna ba.

Lokacin da nake ba ku labari unguwarmu ta riga ta zama kufai. Gobara yau, gobara gobe, masu gidaje sun yi layar zana, maƙwabta sun watse. Mama ta rasu. A dogon benenmu gida uku kawai ke kunna fitila. Baba ya bar aikin share taragun jirgin ƙasa ya koma zaman taga, ni kuma ina wuni a asibiti ina wankin zanen gado. Abokansa na coci duk sun riga shi gidan gaskiya. In na dawo sai in tarar da kofin da na haɗa masa da safe ya huce a inda na ajiye shi.

Ƙanina Roscoe shi ya fi ƙarfin kaɗaicin. Shi da abokansa sukan buɗe gindin fitilar titi su jawo wuta, su jera lasifika a filin makaranta, shi yana juya faifai, su suna zuba baitoci. Shi ya gano wani wuri a faifan Baba inda mawaƙa ke yin shiru a bar ganga ita kaɗai. Sai ya ƙara wa injin gudu, ya riƙa ɗaga allura yana mayar da ita daidai wurin. Ranar da ya fara sa shi, filin ya rikice. Har daga tsallaken gada matasa ke zuwa don kiɗan nan.

To, masu juya faifai suna da wata ɗabi'a. Kishi ne da su kamar me. Kana cikin wasa abokin gaba zai lallaɓo ya leƙa kafaɗarka ya karanta sunan faifan, gobe ka ji kiɗanka a unguwarsu. Maganin abin shi ne a jiƙa faifai a ruwa har takardarsa ta saki.

Wata Asabar na shiga banɗaki na tarar da faifai sun fi goma kwance a bahon wanka, takardu na yawo a kan ruwa. Na gane ta Baba da launinta shuɗi. Ina taɓa ta ta narke mini a yatsu. Na wanke Roscoe tas, ban rage masa komai ba. Ya tsaya yana sosa ƙeya, wai Yaya kowa haka yake yi, ai kiɗan na nan bai je ko'ina ba. Baba ya zo bakin ƙofa ya leƙa, ya juya ya koma kujerarsa. Da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan nan wani kamfani a tsallaken kogi ya ɗauki su Roscoe. Aka kawo makaɗan haya suka saurari faifan suka kwaikwaya, da gudun Roscoe da komai. Waƙa ta fito ta karaɗe gari. An ambaci layinmu a cikinta, an ambaci benen da ya ƙone a kwana, har mai sayar da ƙanƙara ya samu shiga. Baba ne babu. Roscoe ya bi yawon wasa gari gari, wayarsa ma sai an ga dama.

Rannan muna cin wake da burodin masara, wata mota ta wuce tana zuba waƙar. Baba ya ajiye cokali.

"Vernice, ko kwabo ba na so," ya ce. "Su dai rubuta sunana a jikin faifan, ko da da ƙananan haruffa ne."

Na nemi hutu a wurin aiki. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, na naɗe faifan a tawul, muka hau bas. Mutumin da ya karɓe mu a ofishin kamfanin ba shi da laifi, matashi ne mai fara'a, har kujera ya ja wa Baba. Na zayyana masa komai. Ya jujjuya faifan a hannu, baƙi wuluk ba rubutu ko ɗigo, ya ce kusan kullum sai wani ya zo ya ce kawunsa ne ya yi kiɗan. Ya tambaya ko akwai wani faifan mai suna, ko wani daga cocin da zai shaida. Babu. Cocin ma an rushe ta tuntuni.

Sai Baba ya naɗe hannun kwat ya matso da kujera. Ya fara buga teburin da tafin hannu, a natse, yadda yake yi a coci, idonsa a rufe. Tun rasuwar Mama ban ga ya kaɗa komai ba. Na kawar da kai don kada in yi kuka a gaban baƙo.

Da ya gama, matashin ya tafa masa da zuciya ɗaya.

"Kai, Baba, ka kusa! Amma ka ɗan ƙara sauri, ainihin kiɗan ya fi haka gudu."

Na buɗe baki, Baba ya dafa gwiwata. Ya miƙe ya gode wa mutumin, ya saki hannun kwat ɗinsa.

Muka hau bas muka haye kogi. Sai da muka sauka a layinmu, inda babu kowa sai karnuka a cikin ɓaraguzai, ya tsaya ya dube ni.

"'Yar nan, gaya mini gaskiya. Hannun nawa ne ya yi sanyi?"