Tafintan Jazira

Ni ce mai Turanci a ɗakinmu na unguwar Hayyus Sabi'i a Alƙahira, kuma ba na ɓoyewa. Shi ya sa da Awadiyya, Bahaushiyar Sudan da ke yi mana lalle, ta zo neman wanda zai yi mata fassara, ƙawayena suka haɗa baki suka ce, "Ga Murja nan."

A cikin mikrobas, ƙaramar motar haya, ta ba ni labari. Mahaifinta, Baba Hussain, tafinta ne a gonakin auduga na Jazira a Sudan zamanin Ingilishi. Bara ta ɗauko shi zuwa Alƙahira neman magani, yana rantsuwa ba zai bar ƙasar da aka binne matarsa ba. Wata uku da zuwansu ɓarin jikinsa ya shanye. Hausa ta tafi, Larabci ya tafi, sai Turanci kaɗai ya rage a bakinsa, ita kuwa ko "zo" ba ta sani ba.

"Likita ya ce khalas, sai addu'a," in ji ta. "Ni dai ki roƙa min gafararsa, ya bitti, 'yata. In ji da kunnena ya yafe."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne.

Na same shi a ɗan ɗaki a unguwar Darrasa, an jingina shi da filo. Na gaishe shi da Turancina na Kano. Ya dube ni ya ce, "Double Dutch." Na sake. Ya ce, "Poppycock." Sannan ya kama hannuna yana ta maimaita "chinwag, chinwag". Ni da nake gyara wa mutane Turanci a hira, ko kalma ɗaya ban gane ba. Kunya ta ishe ni, haushi ma haka, har na ji ina jin haushin tsohon da bai yi min komai ba.

Na rubuta kalmomin a bayan littafin nahawuna. Kwana biyu ina bin masu tsofaffin littattafai kafin na samu wani ƙamus da asu ya ci gefensa. Ashe duk maganar magana ce. Ta farko, zancen da ba a ganewa. Ta biyu, shirme. Ta uku, hira. Irin Turancin da mufattishai, wato turawan gona, ke yi tsakaninsu shekara sittin da suka wuce. Mutumin nan hira yake so, mu kuma surutu kawai yake ji daga bakinmu.

Na koma ranar Alhamis bayan la'asar da ƙarfin gwiwa. Awadiyya ta durƙusa gaban gadon. Na yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, na ce 'yarsa tana roƙon ya yafe mata.

Ya gane, na gani a idonsa. Ya gyara zama iyakar yadda jikin ya bari, ya taɓa hularsa da hannun da ke motsi. Sai ya kau da kai daga gare mu, ya fuskanci kujerar da babu kowa a kanta.

"The woman begs pardon, sir."

Wato, "Matar tana neman gafara, ranka ya daɗe." Ya kasa kunne yana jiran amsa.

Sai na gane a ganinsa baturen gona ne ke zaune a kujerar. Tafinta ba ya amsa da bakinsa, nasa ya kai magana ya dawo da amsa. Na ce, "Baba, kai ake roƙo, kai." Ya kai wa kujerar wannan ma, da ladabi. Sau huɗu ina gwadawa.

Awadiyya ta riƙe gefen hijabina. "Me ya ce? Ya yafe?"

Kalma biyu ce, "ya yafe", kuma ko na yi ƙaryar babu wanda zai taɓa kama ni. Amma ita ta ce da kunnenta take so ta ji.

Na ce, "Ya isar da saƙonki, Hajiya."

"Wa ya isar wa?"

Na kasa nuna mata kujerar. Ta bi idon mahaifinta da kanta, ta daɗe tana kallo, sannan ta gyara durƙusonta ta fuskanci wajen, ita ma tana jira.