Layin Baya

Shekara ashirin da biyu yana koyar da ilimin ƙasar noma a kwalejin, har ɗalibai sun manta sunansa na yanka. Malam Ɗago-Kai suke ce masa, domin ba ya minti goma a gaban allo bai faɗi kalmar ba. Ya san da sunan, bai kuma damu ba. Abin da ke ci masa rai shi ne ya juyo daga allo ya tarar da kawuna ɗari biyu a sunkuye, kowa da waya a ƙarƙashin benci.

Shi ya kai maganar taron malamai, ya kafe har aka yarda a gwada na mako uku: a toshe wayoyin ɗalibai daga wayifai, wato intanet ɗin makaranta, a lokacin darasi. Babban ɗakin laccar a ƙasan gini yake, sabis ɗin waya ba ya shiga, saboda haka in an rufe wayifai an rufe komai.

Da kansa ya kai takardar ofishin matar da ke kula da intanet ɗin kwalejin, wadda kowa ke kira Injiniya. Ɗan ɗaki ne mai sanyi, na'urori na ta ƙyafta koren haske a bayanta.

"Rufewa ba wuya, Malam," in ji ta. "Amma ka tambaye su me suke yi da wayar?"

"Me za su yi in ba ƙwallo da hira ba?"

"Wasu kam," ta ce, ta juya ga kwamfutarta.

Makon farko Malam ya ji daɗin duniya. Fuskoki ya gani, wasu ma bai taɓa sanin a ajinsa suke ba. Ya koma gida yana ba matarsa labari tun bai cire takalmi ba. A mako na biyu sai kujerun baya suka fara ramewa. Ran Alhamis ya ƙirga layi huɗu babu kowa, waɗanda suka rage kuma kallonsa kawai suke yi, biro a hannu, ba sa rubuta komai.

Da aka tashi ya tsayar da wata ɗaliba da ke zama a layin farko. Ita ce a da ta fi kowa danne-danne, har ya taɓa karɓe wayarta ya riƙe kwana biyu.

"Kin ga yanzu kin natsu," ya ce mata.

Ta murza bakin littafinta. "Malam, in faɗi gaskiya ba za ka yi fushi ba?"

"Faɗi."

"Lasifikar ɗakin nan ta mutu tun bara. Ga ƙarar fankoki. Daga layi na tara zuwa baya ba mai jin ka. Ni nake rubuta abin da kake faɗa ina tura wa rukunin ajinmu na waya, su karanta a can. Shi ya sa suke ce mini Lasifika."

"Me ya hana ku gaya mini?"

"Mun rubuta wa masu gyara sau biyu. Kai kuma, Malam, ka yi haƙuri, fuskarka ba ta ba da hanya."

Ya miƙa mata takardar laccarsa ya ce ta tsaya inda yake tsayawa ta karanta da ƙarfi, shi kuma ya hau matakala yana dafa gwiwa har layin ƙarshe. Ya zauna. Bakinta yake gani yana motsi, amma ban da kukan fanka babu abin da ke shiga kunnensa. Allon ma daga nan kamar tafin hannu yake. Kunya ta lulluɓe shi. Ashe shekara guda yana daka wa yara tsawa alhali maganarsa suke karantawa.

Da ya sauko ya tambaye ta, "Duk cikinku karatun kuke yi?"

Ta yi dariya. "A'a, Malam. 'Yan ƙwallon ma suna nan, kuma suna da yawa."

Daga nan ofishin Injiniya ya nufa. Ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, shayi ta zuba masa. Ta ce ba dole ba ne a buɗe duka ko a rufe duka. Za ta iya barin shafin kwaleji a buɗe lokacin darasi, ta yi wa ajin wurin rubuta bayani da aiko da tambaya, sauran shafuka su jira sai an tashi.

A taron malamai na gaba ya miƙe ya faɗi abin da ya gani, bai rage komai ba. Wani abokin aikinsa ya ce ashe dai tsufa ya cinye muryar, aka yi dariya, shi ma ya yi. Aka aro lasifika daga sashen wasanni kafin a gyara tasu.

Ran Litinin kujerun baya sun cika, ko da yake ɗalibai biyu sun yi barcinsu. Ana tsakiyar darasi tambaya ta shigo shafin: wata ta ce gonar babanta tana fitar da fari-fari kamar gishiri bayan ban ruwa, shuka kuma na ƙonewa, me ke kawo haka?

"Wace ce mai gonar?" ya tambaya.

Wani hannu ya ɗago a hankali can layi na goma sha huɗu. Malam ya ajiye alli ya fara hawa matakala, yana tambayarta daga ina suke jawo ruwan.