Ranar da Wayar Tela Ta Sha Ruwa

Tela ta tsoma hannu cikin bokitin har gwiwar hannu, ta lalubo wayar daga ƙasa, ta ɗago ta tana ɗigar ruwa. Bokitin yayyafin guga ne, shekara goma yana zaune a gefen tebur bai taɓa cin komai ba sai yau. Ta goge wayar da gefen zaninta, ta danna, ta girgiza, ta hura mata iska kamar mai hura gawayi. Fuskar wayar ta yi haske sau ɗaya, ta ɗauke.

Laifinta ne, ko da yake ba za ta faɗa a gaban kowa ba. Ita ta jingina wayar da kwalbar man keke don ta riƙa kallon bidiyo tana guga, igiyar dutsen guga ta sharo ta.

Ƙarfe tara da rabi ne na safe. A kan tebur ga yadi a shimfiɗe, shuɗi mai duhu da ƙananan furanni ruwan azurfa, yadi huɗu cif, babu rarar ko taƙi ɗaya. Na Likita ne. Yarinyar ba ta zama likita ba tukuna, sai gobe da safe za a rantsar da su a wani gari, amma tun tana shekarar farko duk layin shagunan haka suke kiranta. Mahaifiyarta ce ta sayi yadin shekara shida da suka wuce, ranar da aka ɗauki 'yarta a makaranta, ta ninke ta ajiye a ƙasan akwati saboda wannan rana. Wata uku ke nan da rasuwar matar. Makon jiya Likita ta kawo yadin, ta ce doguwar riga take so, za ta biyo yau ƙarfe huɗu ta karɓa a kan hanyarta ta zuwa tasha.

"Ai kina da awona, Anti," in ji ta a ranar.

"Yana nan ciki," Tela ta amsa tana bubbuga waya.

To, yana nan ciki kuwa. Awon Likita yana ciki, lambarta tana ciki, har kwatancen gidan ƙanwar uwarta inda ta koma da zama bayan rasuwar. Awon mata fiye da ɗari uku duk suna ciki, don Tela ta yar da littafin awo tuntuni, ta ce aikin mutanen da ne. Lambar mijinta ma ba ta haddace ba, ta san dai akwai bakwai guda biyu a wani wuri.

Ta ruga ƙarshen layi wajen mai gyaran waya, wanda kowa ke kira Injiniya. Ya buɗe bayan wayar, ya karkata ta, ruwa ya zubo a kan teburinsa.

"Anti, wannan ba kurɓa ta yi ba, ƙoshi ta yi. Ki ba ni zuwa yamma."

"Yamma wace iri?"

"Biyar, shida. Kuma ban yi alkawari ba."

"Ƙanena, ƙarfe huɗu mai riga za ta zo."

"Ko ita ce mai kamfanin wayar, sai ta bushe."

Ta dawo shago ta zauna a gaban keke. Cikin minti goma sau uku hannunta ya tafi neman waya a inda ta saba ajiye ta, yana dawowa da kwalbar mai. Mai Kitso, wadda shagonta ke manne da nata, ta leƙo ta miƙo mata tata wayar.

"Ungo, kira ta da wannan."

"In kira ta da wace lamba?"

Mai Kitso ta dubi wayarta, ta dubi Tela, ta mayar da abarta cikin aljihu a hankali kamar wadda ta tuna ita ma a kan siraɗin take.

Gwaggo mai sayar da zare ta tsallako daga ɗaya gefen layin. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna da mahaifin Tela lokacin da shagon yake hannunsa. Ta shafa yadin da bayan hannu.

"Ki bari ta zo ki auna ta mana."

"Gwaggo, huɗu za ta zo, motarsu biyar. Doguwar riga ba ta ɗinkuwa a awa ɗaya."

"To sai ki ba ta haƙuri, ta sa wata."

Tela ta dubi yadin. Ta hango yarinyar gobe a tsaye cikin 'yan'uwanta da wata tsohuwar riga, yadin uwarta na ninke a jaka. Kunya ta rufe ta, don mako guda yadin yana hannunta tana cewa gobe, gobe, alhali ta san inda lokacin ya tafi. Idan kuma ta yanka da ka ta kuskure, babu kasuwar da za ta sayo wani.

"Babanki," in ji Gwaggo, "mutum na sako ƙafa a ƙofar nan ya gama auna shi. Tef ɗin don kwantar da hankalin mai kaya kawai yake ɗaukowa."

"Baba daban ne."

"Ido biyu gare shi, irin naki. Shi dai mutane yake kallo da su."

Maganar ta yi mata zafi, saboda gaskiya ce. Ta juya kujera ta fuskanci ƙofa, ta rufe ido, ta ce bari ta ga abin da ya rage mata na ranar. Da farko babu abin da ya zo sai fuskar waya, don a kanta idonta yake lokacin da yarinyar ke magana. Can sai ta tuna ta ce mata, "Yi hankali da ƙusar nan." Ƙusar da tsohon almakashin Baba ke rataye a jikin ƙofa, daidai kafaɗar Likita take, har ta kusa kama mata riga. Ta tashi da sauri ta auna daga ƙusar zuwa ƙasa, ta rubuta da alli a kan tebur. Tsawo ya samu.

Ta sake rufe ido. Agogon hannun yarinyar ya dawo mata, yana ta zamewa zuwa bayan hannu tana tura shi sama. Sai kuma abin da ya fi komai. Da Likita ta zo faɗin yadda uwarta ta ajiye yadin, muryarta ta karye, Tela ta tashi ta rungume ta. Ta tuna hannunta na dama ya zagayo har ya kama tsintsiyar hannunta na hagu, da wayar a ciki. Ta tuna ƙasusuwan bayan yarinyar a tafin hannunta.

Ta buɗe ido ta dubi Mai Kitso.

"Zo nan in rungume ki."

"Ke, lafiya? Wayar ce ta taɓa ki haka?"

"Zo dai."

Ta rungume ta, ko yatsunta ba su haɗu ba. Mai Kitso ta ce ai da ta tambaya da ta hutar da ita, rabon da hannun mutum ya zagaye ta tun kafin haihuwarta ta uku. Tela ta rungumi Gwaggo, faɗin kafaɗa ya yi daidai, amma ƙugu ya ɗara. Ta auna kafaɗar ta rubuta. Kafin a jima labari ya zaga layin cewa Tela na rabon runguma kyauta. Matan shaguna suka fito suna dariya, kowa na miƙo kanta. Ta rungumi mai takalma, ta rungumi mai labule, ta rungumi wata da ta zo sayen maɓalli ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kowace sai ta rufe ido ta saurari hannuwanta, sai ta girgiza kai.

Ta tara ita ce wata baƙuwa da ke zaune a shagon Mai Kitso, rabin kai a kitse rabi a tsefe. Tela ta zagaya ta da hannu, dama ya kama tsintsiyar hagu, ya zauna daram.

"Kar ki motsa, 'yar'uwa. Don Allah kar ki yi ko numfashi mai ƙarfi."

Ta auna ƙirji, ta auna ƙugu, ta rubuta talatin da biyar da ashirin da tara. Ta tsaya tana kallon lambobin. Sun yi mata ƙanƙanta, don a zuciyarta Likita yarinya ce mai jiki. Amma hannunta ya ce haka ne, kuma yau ba ta da wani mai ba ta shawara sai shi.

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata ta zana da alli, ta bar rarar inci ɗaya a kowane gefe, ta yi bismilla ta sa almakashi. Yankan farko da tsoro ta yi shi. Daga nan kuma tsoron ya tafi. Keke ya kama gudu, babu mai kira, babu saƙon da zai ce ta duba. Ta manta rabon da ta ɗinka hannun riga daga farko zuwa ƙarshe ba ta ɗaga kai ba. Ta ji daɗin aikin irin wanda ta daɗe ba ta ji ba, har ta kama kanta tana 'yar waƙa. Uku da rabi ta sa zif, ta goge, ta rataye. Bokitin ta tura shi can ƙarƙashin tebur da ƙafa.

Huɗu da minti goma Likita ta shigo da jaka a kafaɗa, tana haki.

"Anti, tun safe nake kiranki, wayar a kashe. Na ɗauka wani abu ya faru."

"Ba abin da ya faru. Shiga bayan labule ki gwada."

A bakin ƙofa mata sun taru, kowace ta ƙirƙiro abin da ya kawo ta. Baƙuwar nan ma an gama mata kitso tuntuni ta ƙi tafiya. Aka ji ƙarar zif ya hau har sama bai tsaya a hanya ba. Labule ya buɗe.

Rigar ta zauna a kafaɗa, ta bi ƙugu, ta sauka daidai idon sawu. Babu inda ta ja, babu inda ta yi jaka. Likita ta tsaya gaban madubi ta juya dama, ta juya hagu, ta ɗaga hannu ta sauke. Ta shafa furannin azurfan a ƙirjinta.

"Duk kayana sun yi mini yawa yanzu," ta ce a hankali. "Na zata ita ma haka za ta yi. Anti, yaya aka yi kika sani?"

"Aikinmu ne," in ji Tela, ta sunkuya tana cire wani zare da babu shi a bakin rigar, don kada a ga idonta.

Mai Kitso ta ce a rubuta a jikin rigar cewa mata tara aka runguma kafin a same ta, layin ya ɗauki dariya da tafi. Likita ba ta gane ba, amma ita ma ta yi dariya, tana share hawaye. Gwaggo ta dubi almakashin da ke jikin ƙusa, ta koma wajen zarenta.

Biyar da rabi Injiniya ya iso yana tafiyar wanda ya ceto rai, ya ajiye wayar a kan tebur tana haske. Tela ta yi masa godiya, ta bari ya fita, sannan ta nemo sunan Likita. Ƙirji arba'in, ƙugu talatin da shida. Awon shekara biyu da suka wuce ne, tun kafin jinyar uwarta. Ta dubi lambobin allin da ke kan tebur, ta sake duban na wayar. Da wayar ba ta faɗa ruwa ba, da wannan za ta yanka ba tare da ta yi tunani ba, yarinyar ta tsaya gobe a gaban jama'a cikin rigar da za ta nuna wa kowa yawan abin da ta rasa.

Tana nan zaune wata tsohuwar mai kawo mata ɗinki ta shigo da leda a hannu, ta ajiye a kan keke, ta juya za ta fita.

"Irin na wancan karon nake so. Ai kina da awona."

Tela ta buɗe aljihun tebur ta kifa wayar a ciki, ta jawo tef daga wuyanta.

"Dawo, Hajiya. Matso nan in gan ki."